Abin Da Yake Saura A Zuciya: Musulmi Tsakanin Littafi, Fim Da Waƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu harshen magana da kunnen sauraro da zuciyar da take rarrabewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana mu yi magana a kansa ya shafi wani abu da yake faruwa a kowane gida daga cikin gidajenmu, amma ba kasafai ake kawo shi majalisin ilmi ba. Wato abin da mutum yake ji a ransa idan ya karanta littafi, ko ya kalli fim, ko ya saurari waƙa. Kowa a cikinmu ya san wani baiti da ya taɓa sa shi ƙwalla, ko wani labari da ya hana shi barci, ko wani kallo da ya tashi daga gare shi jikinsa a sanyaye. Mukan ɗauki wannan a matsayin al'amari na ƙashin kai wanda bai shafi addini ba. Alhali kuwa Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu a cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. To, abin da za a tambaye mu a kansa gobe ya cancanci mu zauna mu tattauna shi yau.

YADDA LABARI YA SHIGO ƊAKI

Iyayenmu sun taso ne a lokacin da labari yake da wuri da lokaci. Tatsuniya sai da dare a gindin tsohuwa. Littafi sai a makaranta, inda suka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Kallo kuwa sai an fita an je gidan silima an sayi tikiti, kuma mai mutunci yakan ji nauyin a gan shi a ƙofar wurin. Daga nan gidajen talabijin suka riƙa sako finafinan Indiya, sai akwatin bidiyo ya shigo falo. A tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka fara cika kasuwannin Kano, a 1990 kuma aka yi Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa. A yau duk waɗannan sun taru a cikin wayar hannu: littafin da ake turowa shafi-shafi ta WhatsApp, da wanda ake karanta wa mutum ta YouTube yana kwance, da fim ɗin Indiya da aka ɗora masa muryar Hausa, da fim mai dogon zango wanda ake jira mako-mako.

Ma'anar wannan ita ce, ƙofar da maigida yake tsarewa a da ta ɓace. An kafa hukumar tace finafinai a Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 an ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a jihar. Hukuma tana da nata aikin, ba mu raina shi ba. Sai dai kowa ya shaida cewa takarda ce ta ƙone, labarin kuwa ya sauya gida ya koma waya. Mai gadin da ya rage, wanda zai shiga ɗaki tare da yaro ya kwana tare da shi, shi ne zuciyar da aka tarbiyyantar ta san yadda za ta auna abin da ya shige ta.

WAƘA DA LABARI A MA'AUNIN SHARI'A

Wasu daga cikin matasanmu, saboda kishin addini, da zarar an ambaci waƙa sai su kawo ƙarshen Suratush Shu'ara'i. Gaskiya ne ayoyi na 224 zuwa 226 sun zargi mawaƙa da cewa ɓatattu ne mabiyansu, kuma maganarsu ta saɓa wa aikinsu. Amma wanda ya tsaya a nan bai gama karatu ba, domin aya ta 227 ta ware mawaƙan da suka yi imani, suka kyautata aiki, suka yawaita ambaton Allah, suka kare kansu bayan an zalunce su. A cikin waɗannan akwai Hassanu ɗan Sabitu da Ka'abu ɗan Maliku da Abdullahi ɗan Rawahata, Allah Ya yarda da su.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya goya Sharidu (R.A.) a bayan abin hawansa, sai ya tambaye shi ko ya haddace wani abu daga waƙoƙin Umayyatu ɗan Abis Salti. Sharidu ya riƙa kawo baiti, Annabi yana neman ƙari, har ya kawo baiti 100. Umayyatu kuwa bai musulunta ba. Wannan yana nuna mana cewa mafificin halitta ya ji daɗin magana mai hikima, kuma bai ɓoye jin daɗinsa ba. Haka nan Bukhari da Muslim sun kawo cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya tarar da Hassanu yana rera waƙa a masallaci, ya dube shi da kallon rashin amincewa, sai Hassanu ya tuna masa cewa ya kasance yana yin haka a wannan wuri a gaban wanda ya fi Umar daraja.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisi ingantacce da ya kwatanta cika ciki da waƙa da abin da ya fi cika shi da ruwan ƙurji muni. Fiƙihun Imamul Bukhari yana cikin sunayen babukansa, kuma ya sanya wannan hadisi a ƙarƙashin babin da yake magana a kan mutumin da waƙa ta rinjaye shi har ta tsare shi daga ambaton Allah da ilmi da Alƙur'ani. Ashe ke nan abin zargin shi ne cikawa da rinjaye, ta yadda babu sauran gurbi a zuciya.

Haka al'amarin labari yake. Malaman tafsiri sun ambaci Nadru ɗan Harisu a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman. Shi ne wanda ya koyo labaran Rustumu da Isfandiyaru daga ƙasar Farisa, yakan zauna a inda Annabi (S.A.W.) ya tashi, ya tara Ƙuraishawa yana ba su, domin ya kawar da hankalinsu daga Alƙur'ani. Amma kuma Alƙur'anin nan ya zo da Suratu Yusuf, wadda a cikinta akwai hassadar 'yan'uwa, da begen uba ga ɗansa, da macen da so ya rufe wa ido har ta kulle ƙofofi. Ba a ɓoye mana komai daga raunin ɗan Adam ba. Sai dai mai karatu yakan fito daga surar yana ƙaunar kamun kai, yana ƙin ha'inci, yana kwaɗayin yafiya. Manyan malamai ma sun yi rubutu a kan so: Ibnu Hazmin na Andalus, wanda ya rasu a 1064, yana da Ɗauƙul Hamama, Ibnul Ƙayyim kuma yana da Raudatul Muhibbin. Don haka ambaton soyayya a cikin littafi bai isa ya zama hukunci a kansa ba. Abin dubawa shi ne inda marubuci ya ajiye zuciyar mai karatu a lokacin da ya sake ta.

Ya kamata mu faɗa a nan cewa maganarmu a kan kalmomi ce da ma'anoninsu. Hukuncin kayan kiɗa, da cakuɗuwar maza da mata, da bayyana tsiraici a finafinai, malamai sun yi bayaninsa a wurarensa, kuma kyawun labari ba ya halatta abin da shari'a ta hana.

GADON DA MUKA TARAR

Mu a wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga wannan fage. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi wa'azi da waƙa a cikin Fulatanci da Larabci tun kafin jihadin 1804, domin ya san makiyayi da manomi ba za su buɗe littafin fiƙihu ba, amma za su riƙe baiti. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis waɗanda suke ɗaukar karatun su kai wa matan ƙauyuka, abin da aka sani da 'yan taru. Mace tana daka tana rera hukuncin tsarki da tarihin Annabi. A ƙarnin da ya wuce Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi Waƙar Bidi'a. Malam Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa a kan giya da karuwanci. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya bar mana Imfiraji, wadda har almajirai suka riƙa rerawa a ƙofofin gidaje. Su waɗannan sun fahimci cewa zuciya tana da ƙofar da hujja kaɗai ba ta buɗe ta, sai suka shiga ta wannan ƙofa ɗauke da gaskiya. Idan mu muka ƙaurace wa ƙofar, ba rufewa za ta yi ba. Wani ne zai shiga.

HAWAYE BA HUJJA BA NE

A nan ne muke son 'yan'uwa su ƙara ba mu hankalinsu. Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye su dalilin da ya sa suke ganin wani littafi ko wata waƙa alheri ce, amsarsu ita ce: ta ratsa ni, na yi kuka. To, ratsa jiki shaida ce ta gwanintar mai yi. Gwani yana iya sa ka kuka a kan gaskiya, yana iya sa ka kuka a kan ƙarya, kuma ɗanɗanon hawayen iri ɗaya ne.

Littattafan adabin Larabci sun kawo ƙissar Huɗai'a, mawaƙin da ya shahara da zambo. Ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru zambo, aka kai ƙara, Sayyidina Umar (R.A.) ya tsare shi. Daga inda yake tsare ya tsara baitoci yana ambaton ƙananan 'ya'yansa da ya bari babu abinci. An ce Umar ya yi kuka da ya ji su, ya sake shi. Amma bai sake shi ba sai da ya karɓi alkawari daga gare shi cewa zai kame harshensa daga mutuncin Musulmi. Ku dubi wannan hali. Baitocin sun taɓa zuciyar Umar, bai ji kunyar hawayensa ba, amma hawayen ba su ɗauke masa hukunci daga hannu ba.

Mu kawo misalin kusa. Ana rera waƙar yabon Annabi (S.A.W.) da murya mai daɗi, wani lokaci ma a kan karin waƙar fim ɗin Indiya, jama'a suna kuka. Son Annabi wajibi ne, kuma imani ba ya cika sai da shi. Amma idan a cikin baitocin akwai wanda ya ba shi abin da yake haƙƙin Allah ne Shi kaɗai, kamar neman tsari da yaye baƙin ciki da sanin gaibu, to kukan mai sauraro bai gyara baitin ba. Shi kansa Annabi ya hana a wuce iyaka wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa (A.S.). Wanda yake sonsa da gaske shi ne zai fi kowa kiyaye wannan hani.

Haka kuma da yawa daga cikinmu sun kalli fim ɗin Umar Mukhtar, malamin da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Mutum yakan tashi daga kallon jininsa yana tafasa da kishin Musulunci. Idan gari ya waye ya koma kasuwa ya tauye mudu, ko ya shiga ofis ya karɓi na goro kafin ya sa hannu a takarda, ina kishin ya tafi? Irin wannan ji yana da haɗari na musamman, domin yana sa mutum ya ɗauka ya yi wani aiki alhali kallo kawai ya yi.

TAMBAYOYIN DA ZA MU YI WA KANMU

Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a cikin Al-Fawa'id cewa aiki yana farawa ne daga ɗan tunanin da yake giftawa a zuciya. Idan aka bar shi sai ya zauna, ya zama sha'awa, ya zama niyya, ya zama aiki, daga nan ya zama al'ada mai wuyar rabuwa. Littafi da fim da waƙa a matakin farkon nan suke aiki, inda babu mai gani. Saboda haka muke ba da shawarar duk wanda ya rufe littafi ko ya kashe kallo ya ɗan dakata ya tambayi kansa abubuwa huɗu.

Na farko, wa aka sa ni na so, wa kuma aka sa ni na raina? Sau da yawa za ka tarar an tsara labari ta yadda mai saɓon Allah shi ne mai fara'a da kyauta da iya magana, mai riƙon addini kuwa shi ne mai ɗaure fuska da baƙar zuciya. Babu inda aka ce maka saɓo yana da kyau, amma ka tashi kana goyon bayan mai yinsa.

Na biyu, da wane ido na dubi gidana bayan na gama? Amarya takan karanta labarin jarumin da ba ya gajiya, ba ya rasa kuɗi, ba ya dawowa daga aiki da gumi, sai ta ɗaga kai ta ga mijinta ya shigo da ƙullin cefane a leda, ta ji zuciyarta ta yi ƙunci. Saurayi yakan saba da fuskokin da aka gyara da kwalliya da hasken kyamara, har ya daina ganin kyawun 'yar maƙwabta mai tarbiyya. Bukukuwan aure da suke ta ƙaruwa kwana bayan kwana, da bashin da iyaye suke ci saboda su, wani kaso nasu daga allon kallo aka kwaso shi. Abin da ya rage maka godiya ga ni'imar da take hannunka ya cuce ka, ko da babu kalmar batsa ko ɗaya a cikinsa.

Na uku, me ya ture kafin ya samu wuri? Yini sa'a 24 ne ga kowa. Idan an kira Magariba ana cewa bari wannan fitowar ta ƙare, idan an raba dare ana bin shafi har Asuba ta kuɓuce, idan mutum ya san sunayen 'yan wasa 50 amma bai san sharuɗɗan salla ba, to wannan shi ne cikar cikin da hadisi ya yi gargaɗi a kansa.

Na huɗu, zan yarda mahaifina ko malamina ya zauna kusa da ni ina wannan karatu? A hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana (R.A.) da Muslim ya ruwaito, an ba mu alamar zunubi guda biyu: kai-kawo a ƙirji, da ƙin mutane su gani. Hannun da yake saurin kife waya idan an turo ƙofa ya riga ya ba da fatawa.

Wanda ya yi waɗannan tambayoyi zai ga cewa wani abin yana tsallakewa. Akwai waƙar wa'azi da takan sanyaya zuciyar wadda mijinta ya rasu, akwai littafin da yakan sa ɗa ya tashi ya je gaida mahaifiyarsa, akwai labarin da yakan sa mai kuɗi ya tuna da maraya. Wannan alheri ne, a gode wa Allah a kansa, a kuma gaya wa wani.

KUKAN DA YA KAMATA MU SAURARA

Akwai wani gefe na wannan magana da adalci ya wajabta mana mu faɗa, musamman mu maza. Mun daɗe muna tambayar me littattafan nan suke yi wa matanmu. Ba mu cika tambayar me matanmu suke gani a cikinsu ba. Littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin magidanci ne mai hali wanda ya wofintar da matarsa da 'ya'yansa, ya kore su saboda sabuwar mace, har alhaki ya biyo shi. Idan mace ta karanta irin wannan ta yi kuka, sau da yawa ba don jarumar littafin take kuka ba, ɗakinta ta gani.

Auren dole, da saki ba bisa ƙa'ida ba, da rashin adalci tsakanin mata, da barin 'ya'ya babu ci babu karatu, ba marubuta ne suka ƙago su ba. Kuma duk shari'a ta riga ta yi magana a kansu. Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizamu (R.A.) mahaifinta ya aurar da ita ba da son ranta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (S.A.W.), ya warware auren. Idan 'yarmu ba ta taɓa jin wannan hadisi daga bakinmu ba, sai a littafin kasuwa ta fara samun wanda ya fahimci damuwarta, to kada mu yi mamaki idan ta fi amincewa da littafin. Da'awar komawa ga Sunna ta haɗa da wannan, kamar yadda ta haɗa da gyaran salla da aƙida.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Muna kira ga iyaye su san abin da ake karantawa da abin da ake kallo a gidajensu, kuma hanyar sani ita ce zama da hira. Uban da ya ƙwace waya ya yi tsawa ya samu shiru na kwana biyu. Wanda ya zauna ya ce, 'yata, ba ni labarin nan, wa ya burge ki a ciki, me ya sa, shi ne ya koya mata awo, kuma awon zai bi ta har gidan mijinta.

Muna kira ga malaman makarantun Islamiyya su ware lokaci su karanta wa ɗalibai tarihin Annabi da na sahabbai da daɗin ba da labari, su haddatar da su waƙoƙin magabata masu tsabtar aƙida. Yaron da ya ɗanɗani magana mai daraja, da kansa zai ji ƙyamar maras daraja.

Muna kira ga waɗanda Allah Ya ba baiwar alƙalami a cikinmu, maza da mata, su rubuta. Kuma su ƙware, domin kyakkyawar niyya ba ta gyara rubutu maras daɗi. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya shigar da tafsiri gidajen jama'a ta rediyo da kaset a lokacin da wasu suke ɗari-ɗari da waɗannan na'urori, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Kayan aikin zamaninsa ya ɗauka. Namu suna cikin aljihunanmu.

Daga ƙarshe muna kira ga kowane ɗayanmu ya riƙa yi wa zuciyarsa hisabi a kan abin da yake ciyar da ita, kamar yadda yake bincika abin da zai sa a bakinsa.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Muna roƙon Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya kiyaye jinmu da ganinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.